Kaset Shida, Wasa Ɗaya

Shekarun baya, lokacin da ake ta aikin gina Abuja kuɗin mai na yawo a hannun mutane, ina da shagon rediyo da talabijin a Tudun Ƙofa. Ni ne na fara kawo na'urar wasan talabijin garin Keffi, irin wadda ake jona wa talabijin a cusa mata kaset, yara su yi ta juya wata ƙaramar sanda. Daga Legas nake saro ta. Ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da 'yan kwangila suka yi mata caa, kuma duk wanda ya sayi na'urar sai ya riƙa dawowa neman sabon kaset. Har na fara tafiya ina buɗa hannun riga.

Tsallaken titi akwai abokina mai gyaran rediyo, ɗan ƙabilar Eggon ne, kowa Injiniya yake ce masa. Kullum da azahar akan kawo mini kwano daga gida, shi ma a kawo masa nasa, mu juye wuri ɗaya mu ci a kan bencin ƙofar shagona. Mun fi shekara goma a haka. Ya san hannun matata a miya, na san na tasa.

Sai ciniki ya tsaya. Ba a hankali ba, kamar an rufe famfo. Na kawo sababbin kaset katan-katan masu hotuna gwanin kyau, ga motar tsere, ga jirgin yaƙi, ga 'yan dambe, aka ɗan saya sati biyu, daga nan ƙura ta fara hawa kansu.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi, ko kaza ta kalle ni sau biyu sai na nemi dalili. Na fara da masu wutar lantarki, na ce su ne suka hana mutane kallo. Amma ai da ma can haka wutar take. Na koma kan tsuke bakin aljihun da gwamnati ta shigo da shi, sai na ga rediyo da batir suna tafiya yadda suka saba. Har wani mai wa'azi na zarga, na je na zauna a karatunsa kwana uku ina jira ya ambaci wasan talabijin. Bawan Allah bai ma san da shi ba.

Rannan wani malamin makaranta ya shigo, ya ɗauki kaset mai hoton jirgi, ya jujjuya shi, ya ce, "Alhaji, bari in nuna wa Injiniya tukuna." Ya tsallaka titi. Ina kallo suka yi ƙus-ƙus, abokina ya girgiza kai. Malamin ya dawo ya ajiye kaset ɗin, ya ce sai wani jiƙon. Kwana biyu bayan haka wani ma ya yi hakan.

Shi ke nan, zuciyata ta samu abin yi. Na tuna abokina yakan je Jos duk bayan sati biyu, wai sayo kayan gyara. Na ce lallai kaset yake shigowa da su yana sayarwa a ɓoye. Abin kunya ma, har matata na tura gidansu a Gangaren Tudu da sunan gaisuwa, na ce ta ɗan leƙa ko za ta ga katan. Ta dawo ta ce ba ta ga komai ba sai matattun rediyo a ƙarƙashin gado, kuma kada in sake aiken ta irin wannan aike. Maimakon in huce, sai na ce a raina mutumin ya iya ɓoyo.

Duk wannan lokacin muna cin abinci tare. Ina kallon hannunsa a cikin kwano ina jin haushi. Sau biyu yana ce mini, "Alhaji, kayan nan naka sababbi, ka taɓa sa su ka gani kuwa?" Na ce, "Ni da girmana a gan ni ina wasan yara? Mahaifina limamin unguwa ne fa." Ya ci gaba da cin abincinsa. Ni a lokacin na ɗauka baƙar magana ce yake gaya mini.

Ranar da abin ya fashe, bayan la'asar ne, mutane sun cika bencin ana hira. Ya zo zai zauna, na ce, "Injiniya, mutum ya riƙa cin abinci da kai yana cin dunduniyarka, wane suna ya dace da shi?" Na ƙara da cewa na san yana kore mini masu saye don ya sayar da nasa na Jos. A gaban kowa na faɗa, da ƙarfi.

Ya koma shagonsa ya saɓo wata talabijin a kafaɗa, ya dire ta a kan teburina, ya jona na'ura. An yi sa'a ko rashin sa'a, akwai wuta ranar. Ya ce, "Alhaji, zaɓo guda shida da hannunka."

Na zaɓo. Ya sa mai hoton mota, sai ga wasu fararen sanduna biyu suna buga ɗan ɗigo a tsakaninsu. Ya cire ya sa mai jirgi, sanduna biyu da ɗigo. Mai 'yan dambe, sanduna biyu da ɗigo. Har na shida. Tsohon wasan da kowa ya riga ya samu tare da na'urarsa ne, aka canja masa takardar baya kawai. Wani dattijo a bencin ya yi tari ya miƙe wai zai je alwala, alhali yanzu muka idar.

Abokina ya ce, "Mutane suna ta kawo mini na'urorinsu, suna cewa sun lalace, wasa ɗaya suke nunawa. Na duba na ga ba na'ura ba ce. Suka ce to Alhaji ya cuce su. Na ce a'a, wannan mutumin ba ya cuta, shi ma cutarsa aka yi a Legas, ku ba shi lokaci. Ba wanda ya iya dawo maka da kaya saboda kunyar baba liman. Ni kuma na yi ta neman hanyar da zan gaya maka ba tare da ka ji kunya ba." Ya naɗe wayarsa, ya ɗauki talabijin ɗinsa ya tafi.

Washegari na bi gida-gida na karɓo kaset ɗin na ba mutane haƙuri. Cinikin wasan bai sake tashi ba, don wanda aka sayar wa hoto sau ɗaya ba ya sake yarda da hoto. Wannan bai dame ni sosai ba. Na je wurin abokina da dattawa biyu na roƙe shi gafara, ya ce, "Ba komai, Alhaji, ya wuce." Da azahar aka kawo kwanona, na zauna a benci ina jira. Ya ɗago hannu daga tsallake ya ce yanzu gida yake zuwa cin abinci.

Har yau ban daina zargi ba, hali ne. Ina nan ina zargin mutumin Legas ya san abin da ya ɗora mini. Amma na gane cewa na zargi wuta, na zargi gwamnati, na zargi malami, na zargi amini, ban taɓa zargin kayan da ke kan kantata ba, alhali minti biyar ya isa in gwada su. Girman kai ne ya hana ni, kuma abin yana ci mini rai har gobe.

Abokina ya daɗe da komawa ƙauyen Agwada yana noma. Bai taɓa fashin suna ko ta'aziyya a gidana ba, ni ma nakan kai masa ziyara. Duk zuwan da zan yi sai a shimfiɗa mini sabuwar tabarma, matarsa ta kawo tuwo a kwano mai murfi, irin na manyan baƙi, ta ajiye a gabana. Shi kuma a kawo masa nasa daban.