Abin da na rubuta a kan Sista Adiza ba gaskiya ba ne

Da safen nan labari ya same ni. Sista Adiza ta rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsaye wurin mai koko ƙanenta ya kira ni. Na ce masa to, na gode. Na karɓi kokona na dawo gida na zauna. Har yanzu ban yi kuka ba, ban kuma san abin da nake ji ba.

Shekaranjiya na sa hoton jikata Hikima a nan da waya a haƙoranta, ina ta murna, kuna ta yi mini barka. Matar da ta rasu ita ce nas a ɗakin haƙorin da aka yi aikin. Haifaffiyar unguwar Maamobi ce. Ita ke juya mana Turancin likita zuwa Hausa.

Haƙoran Hikima na sama sun turo gaba. Shekararta goma sha uku, ba ta dariya sai ta rufe baki da mayafi. Ni na matsa wa ubanta a kai ta, ni kuma na kama hannunta muka hau trotro, motar haya.

Na ɗauka rana ɗaya ake yi. Haƙorin Makka da ke bakina a zama ɗaya aka sa mini shi, ko shayina bai huce ba. Shi ya sa kafin mu fita na zagaya gidanmu ƙofa ƙofa na ce yau amaryata za ta dawo da waya a baki.

Likita ya duba, ya yi magana, Sista Adiza ta ce, "Baba Alhaji, yau dubawa ce kawai. Sai an ɗauki hoton ƙashi, an auna baki, an wanke. Akwai haƙora biyu masu rami, sai an cike su. Dadashinta ma yana jini, sai ya warke."

Na ce yaushe ke nan?

Ta ce ga wani yaron, sati biyu ya isa a fara. Na Hikima zai kai sati shida.

Kunya ta kama ni saboda abin da na faɗa a gida, sai na mayar da ita faɗa. A gaban mutanen da ke jira na ce ai mun san halinku, 'ya'yan manya kuke sawa a gaba, ɗan Zango ya jira. Ban tsaya nan ba. Na dawo na rubuta a wannan shafi. Ban faɗi sunanta ba, amma na ce nas mai jin Hausa, kuma ita kaɗai ce a wurin. Da yawanku kun karanta, wasu sun tura gaba, wasu sun ƙara da nasu zagin.

Da muka koma ɗaukar hoto na yi ta kauce mata. Ita ta zo ta same ni a benci.

"Baba Alhaji, na ga rubutunka. Malaman makarantar dare ba su yi aikin banza ba, ko harafi ɗaya ba ka ɓata ba."

Ta yi dariya ta wuce. Ba ta sake ta da maganar ba.

Ta san sai da na haura hamsin na koyi boko, kuma a hankali nake karatu. Ta samo kati ta rubuta mini matakan da manyan haruffa, kowanne da ranarsa. Duk wanda aka gama sai ta miƙo mini biro ta ce ni zan soke shi da hannuna.

Ranar da aka sa wa Hikima 'yan robobi tsakanin haƙoran baya don a buɗe wa ƙarfe wuri, yarinya ta kasa cin abinci. Sista ta kira wayata da la'asar, ba wanda ya sa ta. Ta ce a dama mata koko mai kauri, gobe zai yi sauƙi. Haka kuwa aka yi.

Ta taɓa nuna mini hoton bakin a kwamfuta ta ce, "Ka ga ramin nan? Da mun ɗaura waya a kansa ranar da ka so, da haƙorin ya ruɓe a ƙarƙashi." A ranar na gane ni ne mai laifi. Sati huɗu ke nan da suka wuce. Ban nemi gafararta ba.

Shekaranjiya, bayan an gama, tana koya wa Hikima yadda za ta goge baki. "Ban da rake, ban da ƙanzo, ban da ƙashin kaza. In kakanki ya sayo miki, ki kawo mini ƙararsa."

Na ce, "Sista, ina da magana."

Ta dubi layin da ke bayana ta ce, "Ajiye ta, Baba. Wata mai zuwa za ku zo a ƙara ɗaure waya, sai mu zauna."

Na ce to. Gaskiya ma daɗi na ji da ta ɗaga mini.

Wannan ne ganinmu na ƙarshe. Ƙanenta ya ce jiya ta dawo daga aiki da ciwon kai, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Hikima tana makaranta, ba ta sani ba tukuna.

Ban goge tsohon rubutun ba, kuma ba zan goge shi yau ba. Ina so duk wanda ya karanta shi ya karanta wannan. Ba ta sa ɗan kowa a gaban jikata ba. Jinkirin da na zage ta a kansa aikin ne ya buƙace shi. Ni na ɗora mata abin da ba ta yi ba. Wanda ya tura wancan, don Allah ya tura wannan inda ya tura shi.

Bayan azahar za a yi jana'iza. In an dawo zan je gaban mahaifiyarta in faɗa da bakina. Ban san ko za ta yafe mini a madadin 'yarta ba.

Allah ya jiƙan Adiza, ya haskaka kabarinta, ya sa haƙurin da ta yi da ni ya yi mata nauyi a mizani. Ku sa ta a addu'a da sunanta. In da saura, ku roƙa mini gafara.