Rezar Japheth

A duk Sabon Gari babu mai fere wayar dish kamar Japheth, shi da kansa ya faɗa. Shekara ashirin da reza yake yi, yana tokare wayar da yatsu kafin ya matse mata kai. 'Yarsa Dinatu ta taɓa sayo masa abin fere waya.

"Baba, wannan ba ya yanka mutum."

"Ki kai wa 'yan koyo," in ji shi.

Bana aka ce ya sabunta rajistar layin salularsa da zanen yatsa. Sau uku yana zuwa, na'ura ba ta ga komai ba sai tabon reza. Lambarsa tana nan da fenti a katangun unguwar Dogarawa. An rufe layin.