Kawu Makau, Wanda Ba Ya Yarda da Lamba Sai Ya Goga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran kawuna Makau, tsohon maƙerin zinariya da azurfa na kasuwar Gummi, bayan doguwar jinyar ƙoda.

Kawu, kai ka koya mini juya ɗan kunne in duba bayansa. Ka ce in na ga 750, kashi uku cikin huɗu zinariya ce. 916 ta fi ta tsarki. 925 kuwa lambar azurfa ce. Amma kullum sai ka ƙara da cewa, "Ɗiyata, da ƙarfe aka buga lambar ga, kowa kau na iya sayen ƙarfen." Daga nan ka goga abin a baƙin dutsenka, ka ɗiga ruwan gwaji, mu zuba ido ko zanen zai tsaya ko zai ɓace.

Ban manta da Ladi ba, bazawarar da ta zo daga Nasarawa Burkullu da awarwaron mahaifiyarta. Wani dillali ya ce mata tunda babu lamba, farin ƙarfe ne. Ka gwada, ka gaya mata tsohuwar azurfa ce, ƙirar hannu tun kafin a san hatimi a nan. Ta koma gida da gadonta.

Sai ga lefen ɗan Alhaji Namadi, mai faɗa a ji a kasuwarmu. Uwar amarya ta kawo maka sarƙa da 'yan kunne, kowanne da 916 raɗau a jikinsa. Ka goga, zanen ya ɓace. Tagulla ce aka shafa wa ruwan zinariya. Daga gidan Alhaji an aiko maka ka yi shiru, kai kuwa ka faɗa wa matar abin da ka gani. Kafin mako biyu an ba wani rumfarka, aka baza a gari cewa hassada ke cinka.

Da furfurarka ka tafi Bagega niƙan dutsen zinariya, kana shaƙar ƙurar dalma, don iyalinka su ci. Bayan shekara huɗu ka dawo da ƙafafu a kumbure.

A jana'izarka, an ce Alhaji Namadi na sahun gaba. A zaman makoki na ji mata suna ta cewa ba a yi mai gaskiya irinka ba, har da waɗanda ka hana a cuta. Ranar da aka fitar da kayan aikinka waje, babu wadda ta buɗe baki a cikinsu. Ni ma ina tsaye a wurin, Kawu, kuma ban ce komai ba. Ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Habsu, da 'ya'yanka Junaidu da Asma. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu. Kai kuma Allah Ya jiƙanka, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka a ranar da babu mai iya rufe bakin shaida. Amin.