Mai Sa Haƙorin Makka

Tun yana saurayi Malam Sabitu yake sa wa alhazai haƙorin Makka a shagonsa na unguwar Rusaifa, a Makka. A wurinsa haƙorin nan shaida ne cewa mutum ya tsaya a Arfa.

Ranar nan Bandar, ɗan ƙanwarsa, ya ari guda takwas, wai za su yi fim ɗin barkwanci. Da ya nuna masa fim ɗin a waya, sai ga yaron wando ya zazzago, sarƙa har cibiya, ya washe baki yana kwaikwayon mawaƙan gambarar Amurka.

"Wallahi Kawu, su muke tsokana!"

Sabitu ya dafe ƙirji yana salati. "Tsokana? Hajji takwas a bakinka, ja'iri, amma ɗuwawunka a waje!"