Koren Shayin Bakin Get

Likitan masaƙa ya cuce ni da kalma ɗaya, kuma har yau ban yafe masa ba. Da ya auna maigidana ya ga jininsa ya hau, sai ya ce ya bar baƙin shayi. Baƙi kawai ya ce. Ni a lokacin ko harafi ɗaya ban sani ba, sai na ɗauka cutar a launin take.

Muna haya a Kudenda, shi yana kan injin saƙa tun safe har la'asar. Mutumin da ya saba da shayi mai kauri, ka raba shi da shi rana ɗaya, ai sai ciwon kai da faɗa. To akwai wani Buzu mai gadin get ɗin masaƙar, kullum 'yar butarsa na kan gawayi. Na taɓa leƙa ganyensa, kore ne. Na ce kore ai magani ne, kamar zogale. Da bakina na ce, "Malam, ka riƙa shan na Buzun nan." Har sukari nake ƙulla masa ya kai.

Sati uku, mutum ya fara zabgewa. Idonsa ya yi ja, barci sai dai ya ji labari. In ya ɗauki kofi, cokali na kaɗawa a ciki shi kaɗai. Na ce aiki ne.

Wata Laraba ya shigo da hannun rigarsa na dama a yage har gwiwar hannu, baƙin mai ya ɓata bakin yagar. Babu jini. Na tambaya, ya yi 'yar dariya.

"Inji ne ya gaishe ni."

"Ya gaishe ka, ko ya ɗanɗana ka?"

Na san maza biyu a layinmu da ke cin tuwo da hagu saboda injin nan.

Na kira maƙwabciyarmu, nas ce, 'yar kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata. Ta riƙe wuyan hannunsa tana duban agogo.

"Baba, me kake sha?"

"Kore ne, Sista," na yi caraf. "Mun bar baƙin."

"Kofi nawa?"

Ya ce zagaye uku da safe, uku da rana, na farkon mai ɗacin nan ya fi so.

Ta juyo ta dube ni. "Maman yara, baƙi da kore ganyen itace ɗaya ne. Abin da ke hana barci, kafeyin, yana cikin duka biyun. Koren ya fi sauƙi in an jiƙa kaɗan, amma Buzu tafasa shi yake har ya ƙoshi. Citta da na'ana'a su ne babu komai." Ta ce a rage a hankali, kada a yanke.

Malam ya ce shi da kunya ya wuce tabarmar mutumin da ya saba zama da shi. Wato gobe ma zai sha, ya koma gaban injin da hannun nan.

Da gari ya waye na dafa citta da na'ana'a da ɗan ganye kaɗan, na cika fulas. Na riga Malam isa get, na baje yagaggiyar rigar a tabarmar Buzun, na zauna kusa da butar ina jiran Malam ya iso ya sha na fulas ɗin a nan.