Na Tafi da Likkafanina, Na Dawo da Shi

'Yankuzo zuwa Tsafe

Ana sallame sallar asuba na hau babur ɗin Malam Sani, likkafanina a cikin leda. Shekaranjiya aka yi mini allurar korona, tun lokacin zazzaɓi ya danne ni, gaɓoɓi kamar an sussuke ni. Na tabbata tafiya ta zo. Kafin in fito na nemi gafarar matata Kulu, na faɗa mata gaskiya: zakaranta na bara ba muzuru ya ci ba, ni ne da 'yan majalisarmu. Tana kuka ta ce ta yafe.

Tsafe zuwa Gusau

Bakwai da rabi bas ta cika. A shinge wani soja ya leƙa ledar.

"Baba, na wa ne?"

"Nawa ne."

Ya miƙo mini da hannu biyu. Direba ya waiwayo ya ce, "Baba, don Allah ka daure har tasha." Tara saura muka shiga Gusau, ko koko na kasa sha.

Bungudu

Goma da kwata ina gidan ɗiyata Hadiza, mai aikin gwajin jini. Bankwana na zo yi. Ta auna zafina, ta zauna.

"Baba, jikin mutum gidaje ne ƙanana birjik, ido bai ganinsu. Kowane gida yana ɓoye rubutun halittarsa, DNA, a ƙuryar ɗaki. In ka dawo ka tarar da takalmin ƙato a tsakar gidanka fa?"

"Sai unguwa ta ji ni."

"To, in ƙwayar cuta ta shiga, a tsakar gida ake tsintar nata rubutun. Akwai mai gadi da aikinsa ke nan. Yana gani zai kwarma ihu, maƙwabta su rufe ƙofa su ɗauko sanda. Allurar nan ƙwaya ce da aka cire wa haƙora. Zafin da kake ji, ihun ne."

Ni da na gudu daga aji biyu, wannan karatu ya shige ni.

"Wato ba mutuwa ba ce?"

"Ba wannan karon ba. In bai sauka gobe ba, sai mu je asibiti."

Ta ba ni magani. Da azahar na tashi da malmala biyu ta tuwon dawa.

Gida

La'asar sakaliya na sauka a ƙofar gida da ƙafafuna. Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Hadiza, da direban da ya yi ta leƙena ta madubi.

Kulu ta dube ni, ta dubi ledar.

"Sannu da zuwa, Malam. Mai tafiya na yafe wa. Kai da ka dawo, zauna ka faɗa mini sunayen 'yan majalisar."