Ranar da Na Kira Sunan Ɗana

Ɗana na fari ya shekara biyu bai ce ko Inna ba. Aikinsa juya murfin tukunya a ƙasa, tun safe har la'asar. A gidanmu na Karakkai an ce miskili ne kamar kakansa, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Na matsa lamba sai da muka tafi asibiti a Gusau, ni da maigidana da surukata, wadda ta ce ba za a duba mata ango a bayan idonta ba.

Malamar asibiti ta zaunar da shi a tabarma, da murfinsa a hannu.

"In an kira sunanshi yana waigowa?"

Muka kalli juna. Sunan marigayi surukina aka sa masa, ga shi ɗan fari, kunya biyu ke nan a kaina. Ni "kai" nake ce masa. Ubansa ya ce Baba, kakarsa ta ce Ango. Tun ranar suna babu wanda ya sake faɗa.

"To, wani ya kira in gani."

Maigida ya duƙufa kan wayar da ba ta yi ƙara ba. Surukata ta ce, "Shekara arba'in ina zamne da mai sunan ga, bakina bai taɓa hwaɗi ba. Ku kirawo mai raken bakin ƙohwa, shi ya hwaɗa."

Malama ta ce muryar da yaron ya saba ji ake so. Maigida dai har ya sa takalmi zai nemo mai rake. Haushi ya turnuƙe ni, na buɗe baki na kira sunan, a gaban uwar mijina.

Bai waigo ba. Na sake kira da ƙarfi, murfi na ta juyawa. Kunyar ta tafi, tsoro ya kama ni.

Malama ta ce alama ɗaya ba hukunci ba ce. Za a duba kunnensa, a duba ko galahanga ce, larurar da kan hana yaro magana da cuɗanya da mutane, kuma akwai zaman da iyaye irina ke yi ana koya musu dabaru. Kafin nan, a riƙa kiran sunansa kullum, ana kallon idonsa.

A hanyar komawa gida, har Bunguɗu surukata tagar mota take kallo. Na ɗauka gaba ce.

Washegari ina shara na jiyo murya a bayan rumbu. Ita ce durƙushe a gaban yaron, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana kiran sunan mijinta a hankali, tana sakewa, hawaye na zuba.